Tulun Irin da Gwaggo Ta Rufe

Kafin na iso daga Kano an riga an kai Gwaggo. Bazara ce, irin zafin nan da ko kaji ba sa barin gindin rumbu, don haka ba a jira kowa ba. Ta cika da hantsi, kafin azahar maza sun dawo daga maƙabarta. Na sauka a Bagwai na hau babur zuwa ƙauyenmu, bakina yana ta inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, amma zuciyata ba ta yarda ba sai da na ga takalman mata jibge a ƙofar ɗakinta.

A kwanakin zaman makokin, duk wadda ta buɗe baki za ta yi mana gaisuwa sai maganarta ta ƙare a kan tukunya. Wata tsohuwa daga unguwar maƙera ta ce, "Haihuwa takwas na yi, kuma duk takwas ɗin kwanon faten wakenta ne ya fara shiga ɗakin jegona. Allah ya sa ta tarar da shi a can." Matar liman ta ce shekarar da mijinta ya yi doguwar jinya ya ƙi tuwo ya ƙi kunu, faten Gwaggo kaɗai yake buɗe wa baki. Akwai kuma maƙwabciyarmu ta bayan gida, wadda kowa ya san sun sha kai ruwa rana da marigayiya a kan awaki. Ta goge ido da gefen mayafi ta ce, "Bakinta akwai kaifi, Allah ya yafe mata, ni dai na yafe. Ranar da muka yi faɗan da ya fi kowanne, ɗana na kwance da zazzaɓi. Da yamma sai ga kwano, wai a ce min ba don ni ba ne, don yaron ne." Wata ta yi dariya ƙasa-ƙasa, muka ce amin gaba ɗaya.

Rana ta biyu aminiyarta ta zo. Tsohuwa ce daga ƙauyen Kiristocin da ke ƙetaren rafi, tun suna 'yan mata suke haɗuwa a kasuwa, kuma ban taɓa ganinsu tare ba sa musu a kan wani abu ba. Ta jingine sandarta, ta zauna a bakin ƙofa, ta daɗe tana kallon gadon da babu kowa a kai. Abin da ta ce ke nan: "To yanzu da wa zan yi gardama?" Baba kuwa yana zaure yana amsa gaisuwar maza, amin kawai ake ji daga bakinsa.

Gwaggo yayar Baba ce, ciki ɗaya. Ta haifi 'ya'ya uku, duk suka koma tun suna goye. Da mijinta ya rasu ta dawo gidan ƙanenta, ta ce aure ya ishe ta haka. Ana yaye ni aka miƙa mata ni. Sunan mahaifiyarsu aka raɗa mini, shi ya sa har ta koma ga Allah ba ta taɓa kama sunana ba. Uwata take ce mini, ko da kunne za ta ja mini. "Uwata, zo nan, ja'ira," haka take kira idan na yi ɓarna, ni kuma in taho ina dariya gabana yana faɗuwa.

Ba ta bar ɗa ba, ba ta bar gida ba. Hotonta ma ɗaya ne, na jikin katin zaɓe, kuma a cikinsa harara take. Abin da ta bari irin wake ne a tulu guda. Na zauna rubuta wannan don kada a manta da ita, kuma don in faɗa da bakina cewa ni da ta raina, ni ce na kusa yanke irin nan kwana bakwai da rasuwarta.

A gidanmu waken Inna ake ce masa, don mahaifiyar su Gwaggo ce ta zo da shi daga gidan iyayenta ranar da aka kawo ta aure, ƙulle a bakin zane. Fari ne, matsakaici, mai jan hanci. Ba ya sauri. Sai gero ya kai gwiwa ake shuka shi a tsakanin kunyoyi, ya yi ta yaɗo abinsa, kuma ba ya nuna sai kowa ya gaji da gona. Amma yana ba da harawa mai yawa, kuma awakin da suka ci harawar nan su suka kai ni makaranta. Idan ya dahu narkewa yake, yana barin wani ɗan zaƙi a can ƙarshen harshe da ban taɓa ji a waken kasuwa ba.

A kansa na koyi faten wake, kuma ban koye shi da daɗi ba. Tsinta ce farko. Ta zube waken a faifai ta turo mini, in fitar da tsakuwa da mai huji ɗaya bayan ɗaya. Idan na yi sharaf-sharaf na ce na gama, sai ta sa yatsa sau ɗaya ta zaro tsakuwa ta ɗora mini a tafin hannu. "Wai wake ɗaya ke ɓata gari," in ji ta. "Sharri ake wa wake. Mai tsintar ce malalaciya." Ba ta surfa waken fate, ta ce wannan aikin masu ƙosai ne, daɗin fate a jikin ɓawon yake. Sai a wanke a ɗora a tukunyar ƙasa. Tafasar farko a tsiyaye ruwan a zubar don kada ya kumbura wa mutane ciki, a zuba sabo, a yanka albasa, a jefa kanwa 'yar mitsitsiya kamar ƙwayar masara. Wata rana na ɗura kanwa da yawa don ya yi saurin dahuwa in tafi dandali. Faten ya fito da duhu, yana ɗanɗanon sabulu. Ba ta taɓa ni ba. Ta zuba mini a kwano, ta zauna a gabana tana kaɗa mafici har na cinye.

Ba ta dafa wake da kara. Ta ce kara wutar masu gaggawa ce, ta tashi fuu ta mutu. Itace biyu masu kauri take haɗa bakinsu, wutar ta yi ta ci a hankali. Gishiri ba ya shiga sai wake ya yi laushi, in ka riga ka sa, in ji ta, ka kira dangi su taya ka jira. Idan ya yi laushin sai ta yayyanka kabewa ƙanana ta zuba, ta sa ni in jajjaga attaruhu da tattasai da daddawa a ƙaramin turmi, ta soya su da manja a gefe har albasar ta fara ja, ta juye a tukunya. In da hali, akwai bandar tarwaɗa daga masuntan madatsar ruwan Watari, a jiƙa da ruwan zafi a zare ƙaya. In babu hali babu, kuma ba za ka ji ta ba kowa haƙuri ba. Sai ta riƙa danna waken a jikin tukunya da bayan ludayi, rabi ya fashe ya ba da kauri, rabi ya zauna yadda yake. Alayyahu ne ƙarshe. Ta zuba, ta janye itacen, ta bar tukunyar a buɗe don ganyen ya tsaya kore.

Gwajinta ɗaya ne. Ta tsayar da muciya a tsakiyar tukunya ta saki. Idan ta kwanta nan take, sai ta dube ni ta ce, "Uwata, miya kika yi mana, ina tuwon?" Ranar da muciyata ta fara tsayawa ba ta yaba mini ba, don yabo ba ya cikin halinta. Ta dai ɗanɗana, ta ce in zuba na Baba in kai masa, kuma kada in ce ni na dafa. Baba ya cinye bai gane ba. Kwana uku na yi ina tafiya da ƙyar don jin kai.

Babbar rigimarsu da Baba a kan waken nan ce. Shekarar da sabon iri mai kwana sittin ya shigo ƙauyenmu, hankalin Baba ya tafi kansa. Kuma da gaskiyarsa, iyali sun yi masa yawa, ga wake da za ka shuka ka cire kafin na Gwaggo ya yi fure. Ita tana da 'yar gayaunarta, wato ɗan yankin gona nata na kanta a gefen gandun gida, gamba ce iyakarsu. Bai shawarce ta ba, ya sa aka bi da garmar shanu ta kan gambar, aka cinye mata fiye da rabi, aka shuka sabon iri.

Duk gidan muka zuba ido muna jiran hadari. Ta je ta gani, ta dawo, ta yi alwala, ba ta ce uffan ba. Wanda ya san Gwaggo ya san shirunta ya fi faɗanta ban tsoro. Haka damina ta wuce tana gaishe shi yana gaishe ta. Sai da kaka ta yi, nata ɗan kaɗan ya nuna, ta aike ni in karɓo mata kwano ɗaya na sabon waken. Ta ɗora tukunya biyu, wuta ɗaya, kayan haɗi ɗaya, ta zuba a akushi biyu ta ɗora mini a ka.

"Ki kai masa zaure. Ki ce in ji ni, ya ci ya faɗi gaskiya tsakaninsa da Allah."

Na durƙusa ina kallo. Ya ɗanɗana wannan, ya ɗanɗana wancan, sannan ya jawo ɗaya gabansa ya cinye. Ya ce, "Ki ce wa Yaya nata ya fi daɗi, nawa ya fi cika buhu."

Na kai saƙo. Ta ce, "Koma ki ce masa na ji. Sai ya riƙa cin buhun."

Ban kai wannan ba, ina son kunnuwana. Amma ba a yi mako ba na ga Baba da sassafe yana dasa gamba a tsohuwar iyaka. Bai taɓa ba ta haƙuri da baki ba, ita ma ba ta nema ba. Kuma don a yi mata adalci, ba ta hana shi nasa a gandu ba. In za a yi ƙosai ma nasa take aikawa a ɗibo, ta ce don haka aka halicce shi.

Ɗaya abin da suke sa-in-sa a kai, wanda bai ƙare ba har ta rasu, shi ne rabon iri. Gwaggo ba ta sayar da irin wake. Amma duk wadda ta yaba fatenta, ko amaryar da za a kai wani gari, sai ta ƙulla mata cikin hannu ɗaya a tsumma ta tura mata. Wannan yana ƙona wa Baba rai.

"Yaya, kin hana ni gona saboda irin nan, kuma kina watsa shi kamar tsabar kaji. Abin gado ai adana shi ake."

"Kai dai Malam, karatu ka sani," in ji ta. "Irin da ke tulu ɗaya, ƙwaro ɗaya ya ishe shi."

Ya girgiza kai ya fita. Ni ma a lokacin ina ganin Baba ya fi ta gaskiya, ban dai isa in faɗa ba.

Adana shi kuwa ta iya. Ta shanya shi kwana uku har ya yi ƙaras a haƙori, ta cuɗa da tokar murhu da aka tankaɗe da busasshen barkono, ta zuba a tulu. Ina yarinya tulu biyu ne a bayan gadonta, duka da toka: tulun waken ci mai murfin faifai, na irin shuka kuma an liƙe bakinsa da laka. Daga baya da jarkoki suka yawaita, waken ci ya koma jarka, tulun iri kaɗai ya rage. Ni ina can Kano, na yi karatu, na yi aure, na kama koyarwa, sai sallah-sallah nake leƙowa. Ban lura da canjin ba.

Daminar bara ciwon ƙafa ya kwantar da ita. Ciyawa ta cinye gayaunar, abin da aka tsinto bai wuce kwano biyu ba. Zuwana na ƙarshe, wata biyu kafin rasuwarta, ta riƙo bakin mayafina ta ce, "Uwata, bana ko ɗaya ban ci ba, duka na rufe. In ruwa ya sauka ki zo ki jefa min, ƙafata ba za ta kai ni ba." Na ce, "To, Gwaggo." Ina faɗa ina duba waya, don mai babur yana jirana a ƙofar gida kada in rasa motar Kano. Kunnena ya ji, amma maganar ba ta zauna ba.

Ranar sadakar bakwai matan gida suna ta gumba da waina kamar yadda aka saba, ni kuwa na kafe sai an yi faten wake. Na ce da shi aka san ta, da shi za a yi mata sadaka. Aka sayo wake a kasuwa, na ci ɗamara na yi shi yadda ta koya mini, muciya ta tsaya. Kafin azahar tukunya ta yi ƙaf. Sai ga mota cike da dangin mijinta daga wajen Tofa, ga mutanen gari da suka ji ana rabon fate suna ta aiko kwanuka. Kunya ta rufe ni. A ce an zo sadakar Gwaggo an koma da kwano wayam? Na faɗa ɗakinta ina lalube. Jarka babu komai. Na leƙa bayan gado na ga tulu.

Na so a ce ban ga lakar ba. Na gan ta. Da bakin wuƙa na ɓanɓare ta, har ina cewa a raina, kai Gwaggo da ɓoyo, ashe ga wake nan. Na fito da shi na sheƙe tokar a bayan ɗaki. Matar wana ta gan ni, daga baya ta ce gabanta ya faɗi, amma wa zai tambayi 'yar ɗaki abin da take yi da kayan ɗaki? Kowa ya ɗauka na fi shi sani. Waken ya narke tun kafin in gama jajjage, ƙamshi ya cika gidan, baƙi suka ci suna sa albarka, ni kuma ina ta yaba wa hannuna.

Baba ya kwana bakwai bai ci abin kirki ba, don haka bayan la'asar da mutane suka ragu na zuba masa daga tukunya ta biyu, na kai masa zaure da kaina. Ya yi bisimilla ya kai cokali ɗaya. Ya tsaya. Ya sa yatsa ya juya wani wake da bai fashe ba, ya ƙura masa ido.

"'Yar nan, ina kika samo wannan waken?"

"A ɗakin Gwaggo, Baba. A tulu."

Ina rufe baki maganarta ta dawo mini gaba ɗaya, har da yadda ta riƙe mini mayafi.

"Duka?"

"Duka."

Wallahi da ya ɗaga hannu ya mare ni da na fi samun sauƙi. Sai ya sunkuyar da kai. Mutumin da ban ga hawayensa ko ranar jana'iza ba, na ga suna bin gemunsa. Can ya ce, "Tun ina rarrafe nake cin waken nan a hannun Inna." Sannan ya jawo akushin ya ce, "An riga an dafa. Sadaka ce, Allah ya kai mata ladan." Ya ci a hankali har ya cinye, ya sa yatsa ya suɗe gefen akushin.

Na koma bayan ɗaki na durƙusa a inda na sheƙe toka, ina tona ta da yatsu ina kuka. Kaji sun riga ni. Ƙwaya goma sha ɗaya na samu, na ƙulle su a bakin mayafina. Na koma Kano da su, kuma wata guda ko ƙosai ban iya kallo ba. Matar da ta ɗauke ni tun ban san kaina ba, abu ɗaya tak ta roƙe ni a rayuwarta, na dafa shi na raba wa baƙi.

Sadakar arba'in ta zo ruwa ya riga ya sauka. Na je ne don dole, kaina a ƙasa, ina jin kamar kowa ni yake nunawa. Da hantsi ina wanke-wanke sai na ji ƙarar sanda. Aminiyar Gwaggo ce, zanenta jiƙe har gwiwa don rafi ya kawo ruwa. Ta zauna a inda ta zauna ranar gaisuwa, ta yafito ni.

"Na ji abin da kika yi."

"Na yi, Iya."

"Ita ma ta taɓa ƙone rumfar kasuwa garin suyar gyaɗa. Ba ta ba ki wannan labarin ba ko? Ai ba za ta ba ki ba."

Ta kwance goyon da ke bayanta, ta sauke wata ƙwarya a rufe da faifai ta buɗe. Wake ne, da sauran toka a jikinsa. Na ɗebo na hura. Jan hanci. Na zauna a ƙasa.

"Shekarar da na aurar da 'yata ta fari ta ba ni, cikin hannu ɗaya," in ji ta. "Na ce me zan ba ki? Ta ce kada ki ba ni komai, ki dai shuka. Ban taɓa fashin shekara ba. Kuma ki share hawayen nan, ba ni kaɗai ba ce. Kasuwa huɗu na ci ina bin matan da ta ba irin ina tambaya."

Haka suka riƙa shigowa ɗai-ɗai har azahar. Matar liman ta kawo nata a gwangwanin madara. Maƙwabciyar nan mai awaki ta dire mini nata a gauraye da wani waken, ta ce, "Ki tsince, ai ta koya miki." Wata da aka kai aure wajen Tofa shekaru da yawa ta aiko da nata a leda ta hannun direba. Tsohuwar unguwar maƙera kuwa hannu biyu ta zo, ta ce ita ma an ba ta, amma ƙwaro ya cinye mata tun shekara uku, kunya ta hana ta komawa ta sake roƙo. Ta zo ne dai kada a ce ba ta zo ba.

Aka kira Baba. Ya tsaya a tsakar gida yana kallon ƙwarya da gwangwani da leda, sannan ya yi abin da ban taɓa gani ba. Ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a nan cikin mata, ya sa tabarau, ya karɓi faifai ya fara tsinta. Can ya ɗago ya ce wa aminiyar Gwaggo, "Shekara nawa ina yi mata faɗa a kan rabon nan."

Ta ce, "Ta gaya min. Ta ce ka fi ta karatu."

Baba ya yi dariya, ta farko tun rasuwar, ya cire tabarau ya goge ido.

Da gero ya kai gwiwa na nemi izini a makaranta na dawo. Baba yana gaba da sungumi yana sara, ni ina baya ina jefa uku-uku ina rufewa da diddige, har muka gama gayaunar. Goma sha ɗayan nan na shuka su daban a kusurwa, jikin gamba. Bakwai suka fito. Ban san ko ana gaya wa mamaci irin wannan ba, amma da na jefa na ƙarshe na ce a raina, Gwaggo, na zo.

Makon jiya muka roro. Na ɗora tukunyarta ta ƙasa a murhunta, itace biyu, kanwa kamar ƙwayar masara, kabewa daga bayan gida, tarwaɗa daga Watari. Muciya ta tsaya. Kwanon farko ƙetaren rafi aka kai shi, na biyu zaure. Ina godiya ga Allah da ya sa a hannun matar nan na tashi, ina godiya ga waɗanda suka riƙe abin da ta ba su, kuma ina godiya gare ta, da ta san halina tun ina ɗura kanwa don in tafi dandali.

Sauran na shanya shi kwana uku, na cuɗa da toka da barkono, na zuba a tulun. Ina shirin kwaɓa laka sai ga Baba ya shigo, ya ce, "Dakata, kada ki rufe tukuna." Ya miƙo mini tsummoki da ya yayyaga daga wani tsohon rawaninsa.

"Ki ƙulla wa mutane tukuna. Ki fara da wadda ƙwaro ya cinye wa nata."

Allah ya ji ƙan Gwaggo, ya yalwata mata makwanci, ya ciyar da ita da abin da ya fi wanda ta ciyar da mu. Ƙulli tara na yi kafin na kwaɓa lakar.